Dabaibayin da Harisu Ya Yanke

A shekarun da Nasara suka fara zama daram a Damagaram, sai suka ce ba sa son ganin dabba tana yawo a kasuwar Matameye. Aka kewaye wani fili da ƙaya bayan rumfunan mahauta, aka sa masa ƙyaure da kwaɗo, aka ce sunansa furiyer. Duk jakin da aka samu sake can za a kai shi, mai shi ya biya tara ya karɓa. Kamun kuwa ba ma'aikata ke yi ba. Kowane ƙato mai igiya yana iya jawo jaki, a ba shi kasonsa cikin tarar.

Ƙattan suka zaƙe, har suna ƙwace jaki a hannun mai shi. Da kuka ya yi yawa aka sa sanƙira ya zagaya da sabuwar doka. Tara iri ɗaya ce ga kowa. Jakin da aka dabaibaye ƙafafunsa na gaba ba sakakke ba ne, wanda ya jawo shi kuwa bulala ce a tsakiyar kasuwa, a kuma raba shi da aikin.

Mafi yawansu suka koma gona. Harisu, ɗaya daga cikinsu, bai koma ba, ya sayi 'yar wuƙa. Ran Juma'a, ran kasuwa, idan mutane suka tafi masallaci, sai ya bi gindin itatuwa inda 'yan ƙauye ke barin jakuna, ya durƙusa kamar mai cire ƙaya a ƙafa, ya yanke dabaibayi ya jefa aljihu. Guntayen igiyar yana kai su gida ya cusa bayan rumbu.

A makon nan matarsa Saratu ta haihu, ana shirin suna, ga rago bai samu ba. Ya fita tun da sassafe yana haushin kowa.

Ana cikin huɗuba ya tarar da wani jan jaki a gindin gawo, da akumari a bayansa. Bai san jakin ba. Dabaibayin na kaba ne, an tufka shi da wani jan ƙyalle a ciki. Ya yanke, ya ja jakin har furiyer. Lawwali, gardin da ke riƙe da makulli, ya buɗe yana murmushi.

"Kai Harisu, jakunan ƙasar nan duk ran Juma'a suke koyon kwance igiya?"

"Kai dai rufe ƙofa."

Ya zauna kan turmin da ke bakin shingen yana jiran kasonsa. Bayan an sauko daga masallaci ya hango wani tsoho dogo yana tafe, yana bin sawun kofato da sanda. Harisu ya gane shi. Malam Idrisa ne na Dungu, mahaifin Saratu.

Tun da ya auri Saratu bai taɓa kallon fuskar mutumin nan ba. Bai taɓa faɗin sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, idan ya hango shi a hanya takalmi yake cirewa tun daga nesa. Yanzu ma ya zame daga kan turmin, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har gwiwarsa ta shiga kashin jaki.

"Baba, barka da hanya."

Tsohon ya amsa yana kallon wani wuri, yadda ya kamata. Ya juya wajen gardi.

"Ɗan samari, jan jakin can nawa ne. Ban daɗe da sayensa ba. Itacen wankan jego na kawo wa yarinyata da safe, na sauke a ƙofar gida, na zo salla."

Lawwali ya dubi tsohon, ya dubi Harisu, ya fahimci komai. Dariya ta cika masa baki, ya danne ta da ƙyar. Mahauta da masu tallar goro sun fara matsowa.

"To Malam, doka ta ce in tambaye ka gaban mutane. Ga wanda ya jawo shi nan a durƙushe. Jakinka da dabaibayi ka bar shi, ko sake? In da dabaibayi, ba ka biyan komai, shi kuma mu tuɓe masa riga yanzun nan."

Harisu ya sunkuya. Sai a lokacin ya ga bakin igiyar ya leƙo daga aljihunsa, jan ƙyallen yana reto. Ya kai hannu zai tura, ya fasa, don ya san tsohon ya riga ya gani.

Malam Idrisa ya daɗe yana jujjuya sandarsa cikin ƙasa. Mutum ne da ake zuwa ɗauka daga Kurni da Icirnawa idan ana son shaidar da ba ta lanƙwasa. Alwalar Juma'a ko bushewa ba ta gama yi a gemunsa ba.

"Sake na bar shi," in ji shi. "Tsufa ne. Na manta."

"Ka tabbata, Malam? Ga shatin igiya a ƙafarsa."

"Na ce maka na manta."

Ba shi da abin biya a jikinsa. Ya kwance rawaninsa a hankali, ya naɗe, ya miƙa wa gardi jingina. Tsoho ya tsaya a tsakiyar kasuwa da 'yar tagiya a ka, furfurarsa a waje. Wani mahauci ya ce subhanallahi, ya juya baya. Lawwali ya buɗe ƙyaure, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Harisu, kasonka fa? Ko in yaga maka gefen rawanin?"

Harisu bai ɗago ba har sawun jakin ya ɓace.

Bai iya tafiya gida ba. Ya laɓe a zauren maƙwabci, yana leƙe ta tsagar asabari. Tsohon yana zaune a ƙofar gidan Harisu kan tabarma, kai ba rawani, mutane suna wucewa suna yi masa barka. Da la'asar ta yi ya tashi, ya yi sallama da 'yarsa ta bayan danga, ya hau jakinsa ya kama hanyar Dungu.

Sannan Harisu ya shiga. An ɗora babbar tukunyar wanka, itacen Dungu yana ci a ƙarƙashinta. Ya wuce bayan rumbu, ya kwaso guntayen igiyoyin nan rungume guda, ya zuba cikin wutar, ya haɗa da ta aljihunsa. Saratu tana zaune bakin ɗaki da jariri a cinya. Ta ga jan ƙyallen kafin wuta ta kama shi. Gefen tsohon zanenta ne, ita ta bar shi a gidan babanta.

"Baba ya ce mini iska ce ta ɗauke masa rawani a hanya," in ji ta. "Ni kuwa ban ji an yi iska yau ba."

Harisu ya ƙara iza wutar.

"Ya ce ba zai samu zuwa suna ba. Wai ƙafa."

Washegari Harisu ya kai wa Lawwali rigarsa ta salla ya karɓo rawanin, ya bar masa igiyar kamu a bakin shinge. Ya naɗe rawanin cikin tsumma mai tsabta ya tafi Dungu a ƙasa. Da ya hango gidan ya cire takalmi, ya tsaya gindin wata tsamiya har rana ta take. Ga jan jakin can yana kiwo a bakin danga, da sabon dabaibayi. Wata mata ta fito da tulu, ya ba ta ƙunshin ya ce ta kai ciki, ya juyo tun kafin ta tambaye shi daga wa.