Ƙafar Ɗangana Bisa Cinyar Gimbiya

Gyambon da ke ƙafar Ɗangana ya sha maganin kowa a Gangara. Duk wanda ya zo dubiya sai ya kwance ɗaurin, ya yi salati, ya barbaɗa nasa garin. Ɗangana kuwa ba ya iya hana baƙo.

A asibitin Agiye, likitar da ta ƙware kan irin wannan miki ta wanke shi, ta ɗaure, ta ce wa matarsa Gimbiya, "Inna, in aka sake buɗe shi a gida, ƙafar za a yanke."

Washegari, bayan sun koma gida, yayan Ɗangana, Ilyasu, ya iso da ƙullin magani. Ya tarar da ƙafar bisa cinyar Gimbiya, ta lulluɓe ta da gefen zanenta.

"Ina ciwon, mu gani?"

"Yana ƙarƙashin zanena, Yaya. Ɗaga."

Ilyasu ya kau da kai, ya yi addu'a, ya tafi da ƙullinsa.

Ɗangana ya yi murmushi. "Tsohuwa, da tsufanmu?"

"Kwanta, Malam. Akwai sauran danginka a hanya."

Da kaka ta zo, da ƙafafunsa biyu ya je gona.