Allon Taro na Baba Sidiku

"Kar ki kalle ni, Zuwera, kalli takarda. Yaushe ne mitin, kuma a wane gari?"

Ina tsaye a zauren maƙwabcina Baba Sidiku, hannuna duk ƙullun ƙosai, ga mai na baro a kan wuta. Ya manna takardar ƙungiya a bango, shi kuma yana zaune ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, da gwangwanin madara a cinya. Na yi boko har aji huɗu, ban da allo, don haka ba a kirana jahila. Na duba, na sake dubawa: layuka kamar ragar kamun kifi, lambobi cunkus, S da Y da B a gefe, da wani ɗan tauraro can ƙasa.

"Yendi," na ce, "ran Talata."

Ya jefa tsakuwa a gwangwani. Sai da na juya zan tafi ya ce, "Bawku ne, ran Asabar. Ba laifinki ba ne. Ke ce ta goma sha ɗaya."

Ƙungiyar ta fatake ce, masu doya na Salaga, masu hatsi na Yendi, masu albasa na Bawku, kuma taron shugabanninta tara yana zagaya garuruwan uku. Sakatarensu Mutaru, wanda ya yi karatu a Tamale kuma bai bar kowa ya manta ba, shi ya tsara takardar ranakun taro a 1988. Tun daga nan ba a ƙara cika ba. Mutum zai sha hanya yini guda ya tarar da ɗaki a kulle, sai a ce masa ai jiya ne, ko ai a Bawku ne.

Baba Sidiku ya yi shekara talatin yana bukuman a tashar Salaga, shi ke rubuta fasinja, shi ke tsara wace mota za ta tashi yaushe. Ciwon suga ne ya zaunar da shi. Da takardar ta shigo hannunsa, sai ya yi mata tambayoyin da yake yi wa allon tasha. Ana ganin ta daga nesa? Da bakin mutane take magana? In an ɗaga rana, tana nunawa? Ba ta ci ko ɗaya ba. Amma ya ce idon mutum ɗaya ba ya isa, sai an ga inda ƙafar wasu take tuntuɓe. Dalilin gwangwani ke nan: duk wanda ya ɓata, tsakuwa ɗaya.

Sai ya sa aka yanko masa falanki, ya yi nasa allon. Doya ita ce Salaga, dami na dawa Yendi, albasa Bawku, ranaku da sunansu, da ramuka da 'yan turaku na icce da ake sokawa a ranar taro. Mu 'yan unguwa muka shiga uku. Mai kitso, mahauci, limamin masallacinmu, duk wanda ya gifta sai an tsayar da shi gaban allo. Ya lura masu karatun allo daga dama suke farawa, 'yan boko daga hagu, sai ya kankare komai ya jero ranakun daga sama zuwa ƙasa. Turken taro ja ya yi shi da farko, sai wata mai sayar da kifi ta dafe ƙirji ta ce wa ya mutu. Washegari ya mayar da shi fari. Wata biyu yana wannan, har aka yi mutum bakwai a jere gwangwani bai yi ƙara ba.

Abu ɗaya yake so a duniya: shugabannin nan su tsaya gaban allon su gwada da kansu. Ya aika wa Mutaru sau uku kafin ya zo, ya tsaya a bakin zaure yana toshe hanci da hankici saboda warin ƙafar.

"Baba, takarda ba shi da laifi koraa, ko kaɗan," ya ce. "Mutanenmu ne ba su karatu."

"To su za ka canza, ko takarda?"

Mutaru ya yi dariya irin wadda ake wa tsoho. Ya ce to, a taron Yendi za a ba shi minti goma, in an gama maganar manya. Ko kallon allon bai yi ba. Ni da nake leƙe daga gindin murhuna, na ji kamar in watsa masa ruwan wanke-wanke.

Matarsa Mma Fuseina ta roƙe shi kada ya je, ta ce ƙafar nan ba ta hanya ba ce, ga damina. Ya ce in ya jira ƙafa ta warke, zai jira har tashin kiyama. Da na ga ba zai fasa ba, na ce ina da 'yar uwa a Yendi, zan riƙe masa allon.

Mun isa ranar, a kan lokaci, don shi kam ya iya karanta ragar. Mutum uku muka tarar cikin tara, har da Mutaru. Biyu sun zo jiya sun koma. Shugaba da kansa, Alhaji Sualihu, yana Bawku, ya bi layin da ba shi ba. Na ɗauka yau ƙarya ta ƙare, ga shaida ta zo da ƙafarta.

"Ba mu cika ba, ba mitin," in ji Mutaru, yana sakace haƙori.

"Ko ku ukun nan ku gwada," Baba Sidiku ya ce. "Minti biyu."

"Doka bai yarda ba, Baba. Na sa ka a na gaba, bayan wata biyu."

Sauran biyun suka duƙar da kai cikin kwanon tuwo. Tsoho da ya sha wannan hanya da ruɓaɓɓiyar ƙafa yana tsaye a kan sanda, ba wanda ya ce masa ga kujera. Ban taɓa jin ƙyamar maza masu manyan riguna kamar ranar ba.

A komowa ruwa ya kama mu bayan Bimbilla, mota ta kafe, dole kowa ya sauka. Ya taka cikin taɓo har gwiwa. Kwana tara ya ƙara a duniya. Ranar ƙarshe na kai masa koko da hantsi, bai sha ba, ya ce turken Juma'a yana rawa a raminsa, a naɗa masa zare. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa.

Da addu'ar arba'in ta matso, Mutaru ya ce zai sa ranar a takardar ƙungiya. Mma Fuseina ta ce a'a, an gode. Ni na zauna na zana a kan kwalin sukari yadda yake a allo, doya, Lahadi, farin ɗigo, muka ba direbobi. Ranar Lahadi duk taran suka zo, daga Yendi, daga Bawku, ba wanda ya saɓa rana, ba wanda ya tambayi hanya. Shekara biyu rabon da su haɗu wuri ɗaya, sai a tsakar gidan mamaci.

Da aka shafa fatiha na ɗauko allon na jingina a gabansu. Na durƙusa na ce, "Alhaji, abin da ya kawo ku yau daidai, shi ne wannan. Minti biyu ya roƙa."

Alhaji Sualihu ya gyara hula. "Allah ya ji ƙan shi, mutumin kirki ne paa. Amma ɗiyata, yau ba ranar mitin ba ne. Mutaru, ka nemo mata rana."

Mutaru ya zaro takardarsa daga aljihu, ya shiga bin layuka da yatsa.

Ana haka aka fito da masa da shinkafa, tebur bai isa ba. Wani ya ɗauki allon ya kifa shi a kan bulo biyu, aka jera kwanoni. 'Yan turakun suka zube, suka gangara ƙarƙashin ƙafafun masu cin abinci. Na bi na tsince su ɗaya-ɗaya a gefen zanena. Na Juma'ar na samu a bakin kwata, zaren da na naɗa masa ya jiƙe.