Na'urar Zaɓen Mu'azu Mai Rediyo

A shekarar da soja suka ce za su mayar wa farar hula mulki, duk ƙasar Kuyello babu wanda ya kai Mu'azu mai gyaran rediyo ɗoki. Ba wata jam'iyya yake so ba. Shi dai ya sami sabon abin da zai rataya wa zancen kwamfuta.

Ita wannan kwamfuta, Allah na gani, Mu'azu bai taɓa kai hannu jikinta ba. Masinja ya yi a wani ofis a Kaduna, aikinsa ya ɗauko akwatunan kati masu ƙananan huji ya kai bakin wani ɗaki mai sanyi, a karɓa a rufe ƙofa. Ta gilashi yake hango ta, ta cika ɗaki tana gurnani. Amma da ya dawo gida ya kafa rumfa a bakin kasuwa, sai ka rantse shi ya yanke mata cibiya. Akwai kati guda da ya taho da shi, kullum yana cikin hularsa, har ya yi baƙi da gumi. Ko batir ka zo saya, sai ya cire hular nan.

"Ka ga wannan? Abu biyu kacal kwamfuta ta sani: akwai huji, babu huji. E ko a'a. Ita kanta ƙarfe ce, jaka ce, hankalin yana cikin umarnin da aka huda mata a kati. Abin da ka ce shi za ta yi. Ba ta cin goro, ba ta jin kunyar suruki. To mene ne zaɓe in ba e ko a'a ba? Wallahi da za a danƙa mata zaɓen ƙasar nan, kafin la'asar ta gama. Na'ura ba ta da ɗan'uwa!"

Sai mutum ya ce, "Haka ne, Injiniya," ya suri batirinsa ya tsere.

To shi Mu'azu yana da ɗan'uwa, kuma a nan gizo ke saƙar. Labaran wansa ne ciki ɗaya. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta, har yau kuma a zaurensa suke cin tuwo kwano ɗaya. Labaran ɗin nan shi ne shugaban ƙungiyar manoman ƙauyensu, a hannunsa rabon takin zamani yake, da tsarin wanda tarakta za ta fara yi wa huɗa. Mutumin kirki ne, wannan babu ja. Ciwonsa ɗaya, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Duk wanda ya riga gaishe shi da safe ya sami buhu. Bara taki ya ƙare tun bai kai ga mutanen unguwar bakin daji ba, masararsu ta fito ɗorawa kamar mai shawara. Tarakta kuwa, ya yi wa rabin gari alkawarin rana ɗaya, sai da direban ya gudu ya ɓuya a masallaci.

Bana wa'adi ya cika, sai Andrawus, wani manomi mai kafaffen kai daga bakin dajin, ya ce shi ma yana so. Mu'azu ya san a ransa Andrawus ne ya dace. Amma zaɓen ƙungiya a layi ake yinsa, kowa ya tsaya bayan nasa, rana tsaka, ido na ganin ido. Yaya za a yi ya ci tuwon mutum yau, gobe a gan shi a bayan wani? Abin ya hana shi sakat. Ya sha ɗaukar niyyar ya ce, "Yaya, ka haƙura da shugabancin nan." Amma da zarar ya gyara murya, sai Labaran ya turo masa tsokar nama gabansa, maganar ta bi loma ta koma ciki.

Rannan dabara ta faɗo masa. Ya tafi wurin Wakili, dattijon da ke tsayawa a kan zaɓen ƙungiya.

"Baba, layi ya zama tsohon yayi. Babban zaɓen da ke tafe a asirce za a yi shi. Ka ba ni dama in ƙera na'ura, mu riga mutanen Ikko, babban birnin ƙasa, wayewa."

Wakili ya daɗe da gajiya da rabon faɗa, don a zaɓen baya wasu surukai sai da aka yi girbi suka koma gaisawa. Ya ce, "In dai ba za ta fashe ba, jeka ka yi."

Mu'azu ya rufe rumfa ya duƙufa. Ya samo akwatin katako, ya kafa mazurari biyu a sama, ya ɗaura wa ɗaya zangarniyar dawa, na Labaran ke nan, ɗayan kuma masara, na Andrawus. Ya kwance sarƙar kekensa, ya aro hannun keken ɗinkin wani tela, ya haɗa ƙwan tocila. Mutum zai jefa ƙwallon kaɗanya a mazurarin da yake so, ya murɗa hannu, ƙwallo ya gangara ta cikin gora, fitila ta kama. Ya kuma yanko kwali ya huhhuda shi da basilla, ya buga a gaban akwatin. Aka tambaye shi amfanin wannan, ya ce ai umarninta ke nan, in babu shi ba ta san abin da za ta yi ba. Kwalin nan bai haɗu da komai ba sai ƙusa.

Saura abin tarar ƙwallaye a ƙasa. Ya shiga gidan Labaran ya ɗauko garwa guda. Ya koma ɗaukar ta biyu, sai Huraira matar wan nasa ta tare ƙofa.

"Injiniya, da me zan ɗebi ruwa? Da kwamfuta?"

Ta miƙo masa wani tsohon kwando da aka toshe gindinsa da tsumma. Ya ce ai duk ɗaya ne, a kimiyance. Ya sa kwandon ƙarƙashin dawa, garwar ƙarƙashin masara. Ya gwada kuwa, kada a yi masa ƙarya. Sai dai ya gwada ne rediyo na kuka a gefe, shi kuma yana yi wa masu kallo bayani da ƙarfi. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, yaushe kunnensa zai yi aiki?

Ran zaɓe da hantsi aka taru a gindin ɗorawa. An kewaye na'ura da zana. Wakili na zaune da ƙwaryar kaɗanya yana ba kowa ƙwallo guda. Mu'azu ya kife turmi a bakin zanar ya hau, ya cire hula, ya ɗaga kati.

"Jama'a, yau tarihi zai kafu! Abin da ka jefa, daga kai sai Ubangijinka."

Bakoji ne ya fara shiga, aminin Labaran, wanda tun da asuba ya rantse masa ƙwallonsa nasa ne ko da wuƙa a wuya. Aka ji sarƙa ta yi ƙara, sai ƙwaram! Garwa ta amsa har tsuntsaye suka tashi daga ɗorawa. Ba wanda ya kawo komai a ransa, an ɗauka kukan na'ura ke nan. Bakoji ya fito yana murmushi, har da dafa kafaɗar Labaran.

Sai gwaggon Labaran ta shiga, tsohuwar da kowa ya san ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta barin ɗan ƙanenta. Sarƙa ta yi ƙara, aka ji ɗan tif, shi ke nan. Mutane suka fara duban juna. Bayanta Andrawus da kansa ya shiga. Ƙwaram!

Kai! A hankali kawuna suka juya wajen Bakoji. Nan take ya tuna ya bar akuyarsa ba ɗauri, ya zame.

Za ka ce me ya hana wani ya yi magana. Wa zai ɓata wannan daɗi? Waɗanda suka jefa so suke su ji na saura, waɗanda ba su jefa ba suna neman yadda za su yi da ransu. Kunnen Wakili kuwa ya daɗe da yin ritaya. Wani ya shiga yana tarin ƙarya, garwa ta fi tarin ƙarfi. Wani ya shiga da waƙar noma a bakinsa, ƙwaram ɗin ta faɗo masa a tsakiyar baiti. Can sai ga Martha matar Andrawus ta iso a makare daga daji da itace a ka, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ta sauke kaya, ta karɓi ƙwallo, ta shiga tana taƙama. Tif. Ta fito ta tarar idon gari duk a kanta, mijinta ya riƙe haɓa.

"Lafiya?" in ji ta.

Andrawus ya ce, "Lafiya lau. Ma haɗu a gida."

Duk wannan bidiri Mu'azu na bisa turmi yana zuba. Tunda yake bai taɓa ganin jama'a sun yi masa tsit haka ba. Kowa ya miƙo wuya ya karkato kunne wajensa, bai san zanar da ke bayansa ake saurare ba. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya yi bayanin huji, ya yi na babu huji, ya ce nan gaba ko sarautar noma kati za a huda. Wani ya ce, "Injiniya, don Allah ɗan rage murya." Ya ɗauka so ake ya bi a hankali don a fahimta, sai ya koma farko.

Labaran yana kan tabarma, ya sunkuyar da kai, yana jin garwar nan tana ta amsawa. Da kowa ya gama, saura Mu'azu, ya sauko daga turmi ya karɓi ƙwallonsa. Sai Labaran ya ɗago.

"Auta, bar shi haka nan. Ba sai ka jefa ba."

"Haba Yaya! Ƙuri'a haƙƙi ce. Kuma ai asiri ne."

Ya shige. A cikin zanar nan, karo na farko tun safe, bakinsa ya rufu. Ya dubi dawa, ya dubi masara. Tausayin wansa ya kama shi, amma ya tuna masarar mutanen bakin daji. Ya ce a ransa, "Ka yafe ni, Yaya, ba za ka taɓa sani ba." Ya jefa a masara, ya murɗa hannu.

Ƙwaram!

Fitila ta kama. Mu'azu ya sandare da hannun keken ɗinki a hannunsa. Sai yanzu duk ƙararrakin da suka wuce ta bayan kunnensa tun hantsi suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ya duƙa ya leƙa ƙasan akwati, ga garwa, ga kwando da tsummansa. Ya leƙa ta hujin zana, ga gari kaf ya zuba wa ƙofar ido. Da akwai ƙofar baya da sai dai a ji labarinsa a Kaduna.

Sai da Wakili ya ce, "Wai na'urar ta haɗiye shi ne?" sannan ya fito, hula a hannu. Can daga bayan taro aka ji muryar Bakoji, ya dawo daga wajen akuya.

"Alhamdu lillahi, ashe ba ni kaɗai ba ne!"

Wurin ya ɓarke da dariya, har da masu faɗuwa ƙasa. Wakili ya zazzage garwa da kwando ya ƙirga don cika ƙa'ida, amma kowa ya riga ya ƙirga da kunne. Andrawus ya ci. Labaran ya tashi ya ba shi hannu, ya naɗe tabarmarsa ya tafi bai dubi ƙanensa ba. Wannan rashin duban ya fi wa Mu'azu dariyar ciwo.

Da yamma bai je zaure ba. Ya zauna a rumfarsa cikin matattun rediyoyi, ga yunwa ga kunya, ya tabbata ya raba kansa da ɗan'uwan da ya rage masa a duniya. Gab da magariba sai ga Labaran, kwanon tuwo a hannu ɗaya, garwa a ɗayan. Ya dire garwar, ta yi ƙara, Mu'azu ya zabura.

"Yaya, ni wallahi..."

"Wanke hannu."

Suka fara ci. Can Labaran ya ce, "Garwar ma tawa ce." Ya girgiza kai. "Ka san abin da ya ƙona mini rai? Ba faɗuwar ba ce. Tun bara na gaji da shugabancin nan. Mutane suka ce in sake tsayawa, ka kuwa san ni da a'a. Na yi ta jira wani nawa ya ce in sauka, in sami abin fakewa. Kullum in na ji ka gyara murya sai in tura maka nama don ka ji ƙarfin faɗa. Sai ka cinye ka yi shiru."

Mu'azu ya mayar da lomar da ke hannunsa cikin kwano, Labaran ya ci gaba.

"Ka kwance kekenka, ka hana tela ɗinki, ka tara gari, ka haɗa Andrawus da matarsa, duk don kada ka gaya mini magana ɗaya a zaure. Ni ne fa, Auta. Ni na goya ka."

Hawaye ya zubo wa Mu'azu. Ya sunkuya, ya rasa inda zai sa idonsa, sai hannunsa ya bi sabo ya nufi tsokar da ke tsakiyar kwano. Labaran ya riga shi, ya jawo ta gabansa.

"Wannan kam," in ji shi, "yau a'a."