Jakar Uwar Tela

Hanyar ziyarar nan dokokinta biyu ne, kuma Jagora, wani siririn dattijo da ya ƙarar da ƙarfinsa yana kai mutane yana komowa da su, ya faɗa musu tun a tsakar gidan masaukin farko. Ba a tambayar mutum abin da ya fito da shi. Kuma ba mai ɗaukar jakarsa: kowa zai goya ta wanda ke gabansa a layi, na kan gaba ya ɗauki ta na ƙarshe, har a isa.

Sauran matafiya suka yi ta jinjina kai suna yaba hikimar. Uwar Tela kuwa wani sanyi ta ji ya ratsa zuciyarta. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

Ita ba lada ta fito nema ba, gara a faɗi gaskiya. Magini ta biyo. Shi ne ya gina katangar da shagon ɗanta yake jingine da ita, ya cinye siminti ya cika yashi. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, katangar ta kwanta a kan ɗan nata yana zaune bisa kekensa yana ɗinki. Da hannunta ta kwashe bulo daga ƙirjinsa, bulon yana marmashewa a tafinta. Magini bai zo gaisuwa ba, bai aiko ba, ko fuskarta bai sani ba. Sai ga labari wai ya tsufa, ya tuba, zai tafi ziyara a ƙafa. Tuba! Ta rufe ɗakinta, ta rantse cewa mutumin nan ba zai shiga wuri mai tsarki a kan ƙafafunsa ba, sai ta ga gwiwoyinsa a ƙasa.

Da aka zo jera layi, ta yi wuf ta tsaya a gabansa.

"Baiwar Allah, ni ne mai ɗaukar kayanki ke nan," in ji shi, har da murmushi.

"Kai ne," ta ce.

A ranar farko jakar ba ta da komai sai zannuwa, buta da ɗan biredi. Da suka yada zango ta zaga bayan masauki kamar mai neman wurin tsuguno, ta zaɓo dutse mai kyau, ta naɗe shi a zane ta tura can ƙasa. Kashegari ta ƙara wani. Ba ta yi gaggawa ba. Wanda ya rage siminti kaɗan-kaɗan, ai kaɗan-kaɗan ya kamata a auna masa.

Ba ta waiwaye a hanya, don ta san in ta juya fuskarta za ta tona ta. Kunnuwanta ne ke mata aiki. Tana jin numfashi a bayanta yana ƙara nauyi, takalmi yana jan ƙasa, wani lokaci har da ɗan nishi, sai ta ji ƙafafunta sun yi sakayau. Abin da ba ta ji daɗinsa ba tun da aka binne ɗanta, wato abinci da barci, duk suka dawo mata.

Mutanen ayarin ne kawai suka dame ta da kirkinsu. Direba, wani ƙato mai dariya kamar tsawa, ya sassaƙa mata sanda ba ta roƙa ba. Sai kuma Ungozoma, wata gajeriyar tsohuwa mai faɗin kafaɗa da bakin da ba ya hutawa, wadda ke bin bayan Magini a layi. Kullum aka sauka sai ta zo da kwano da ruwan ɗumi ta zauna a bakin tabarmar Uwar Tela.

"Miƙo ƙafar nan, ƙanwata."

"Ki bar shi, Yaya, ba komai."

"Ji ta! Ba komai, ga bororo kamar ƙwan tantabara. Na karɓi haihuwar rabin unguwarmu, ƙafarki ce za ta gagare ni?"

Ta huda da allura, ta matse ruwan, ta shafa mai, tana ba da labarin yadda ta yi ta ɗaga tafiyar nan shekara da shekaru. Duk sanda ta ɗaura niyya sai wata ta fara naƙuda. "Yanzu dai na ce ko uwar wa ke kan gwiwa, a kira wata. Ni ma sai na ga wurin nan da idona kafin ƙasa ta rufe shi."

Uwar Tela ta so tsohuwar, ba da son ranta ba. Amma so daban, aikin da ya fito da ita daban. Da ta ji Jagora na cewa gobe za a hau dutse, hanya siririya mai tsakuwa, sai ta ƙara manya guda biyu. Da ƙyar ta jawo jakar zuwa bakin ƙofa.

Hawan ya yi tsanani. Rana ta take, hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, kowa idonsa na kan duga-dugan na gabansa. Numfashin da ke bayanta ya koma kamar zarto, tana saurare tana haɗiye daɗi. A ranta tana cewa, faɗi mana, azzalumi, ɗana ma bai samu ko damar nishi ba.

Sai ta ji tsakuwa ta zame, ta ji tim, aka saki ƙara.

Ƙarar mace ce.

Ta juya. Magini na tsaye a kan ƙafafunsa, goye da wata 'yar jaka mara nauyi. A bayansa Ungozoma ce kwance a gefen hanya, ƙafarta ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa, jakar Uwar Tela ta danne mata ƙugu. Ɗinkin gindin jakar ya ɓalle, duwatsu sun gangaro, wasu da zanensu, wasu tsirara.

Direba ya ɗaga jakar ya ajiye gefe, ya dubi duwatsun, ya dubi Uwar Tela, dariyar nan tasa ta ɓace.

"Tun shekaranjiya muke karɓa masa," ya ce a hankali. "Mun ga dattijo yana ranƙwafewa. In na ɗauka zuwa wata bishiya, sai Goggon nan ta ce ita ma a ba ta ladan. Na hana ta, ta ce ta ɗaga matan da suka fi wannan nauyi." Ya ture wani dutse gefe da ƙafa. "Ba mu tambaya ba, tunda ba a tambaya."

Kunya ta kama Uwar Tela, amma abin da ya fi kunyar ƙarfi shi ne haushi. Haushin Direba, haushin tsohuwar, haushin duk wani mai kirkin da ke tsoma hannu a abin da ba a kasa da shi ba. Wa ya aike su? Ta yi tanadin wannan faɗuwa dutse bayan dutse, sun zo sun sace mata ita.

Jagora ya ɗaure ƙafar da sanda da tsumma. Ya ce masauki na gaba yana bayan dutsen, akwai mai ɗori a can, amma sai an goya ta. Direba ya durƙusa zai ɗauka, Magini ya dafa kafaɗarsa.

"Ni zan goya ta."

"Baba, ba za ka iya ba."

"Kayan da suka karya ta nawa ne, ni aka ɗaura wa." Bai dubi Uwar Tela ba. "Na yi rayuwata ina ɗaukar dutse, ɗana. Tun rana ta biyu bayana ya gaya mini abin da ke cikin jakar nan. Da kun bar ni da abina."

Suka ɗora masa ita. Ya miƙe yana rawa, ya fara hawa, Uwar Tela na biye da shi a karon farko, tana ganin yadda jijiyoyin ƙwaurinsa ke tashi. Ungozoma na cije leɓe, duk da haka bakin bai mutu ba. "Ka bi a hankali, tsoho, rabona da goyo tun da aka yaye ni."

Sun kusa ƙoli ƙafarsa ta ƙi. Ya yi ƙoƙari, ya sake, sai ya zube a kan gwiwoyinsa, tsakuwa ta yanke su, jini ya ɓullo ta wando. Bai saki tsohuwar ba. Haka ya ci gaba da jan gwiwa, ayari na bayansa suna sa masa albarka, wasu har da hawaye.

Ga abin da ta rantse sai ta gani, a gabanta, ba ko taku uku ba. Ta tsaya tana kallo, tana jiran daɗin ya zo. Ta ƙara jira.

"Ƙanwata," Ungozoma ta kira ta. "Tsayuwar me kike yi? Kama shi mana, kada ya zubar da ni."

Uwar Tela ta yar da sandarta. Ta sunkuya ta cusa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatar mutumin da ya kashe mata ɗa, warin guminsa ya cika mata hanci. Ta yunƙura, suka miƙe tare. Bakinta na daidai kunnensa.

"Telan da katangarka ta danne, ni na haife shi," ta ce. "Kuma ban yafe ba. Ko a can ɗin ba zan yafe ba."

Ya yi taku ɗaya, ya ƙara. Sannan ya gyara goyon.

"To," ya ce. "Tallafo mata ƙafar, tana lilo."