Yatsan Mai Takaba

Kana wurin ranar da aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka buɗe gwangwanin tawada, wani ƙato ya dangwala yatsansa a ƙarƙashin sunan macen da ke cikin gida tana takaba. Ka gani da idonka. Ka ce ba gidanku ba ne, ka zura takalmi ka nufi masallaci. To, yau ka tsaya ka ji na Hawwa'u ta Kunduru.

Tana bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗar iri, alhali ba ta san ko za ta samu inda za ta shuka ta ba. Gonar gadon ubanta ce, mijinta Haladu ke noma mata. Tun da aka binne shi, wansa Ɗanmaliki ya haɗa ta da kayan mamaci, ya samo mai saye daga Katsina. Ba a ɓoye mata ba, ba a kuma tambaye ta ba. Ta katanga take jin cinikin. Mai takaba ba ta zuwa gaban mai gari, ba ta zuwa kotu, kuma kowa ya san kafin ta fita an gama.

Da hantsi sai hayaniya ta tashi a zaure. Can wata budurwa mai farin hijabi ta yi sallama ta shigo, riƙe da wata na'ura kamar babbar waya. Ɗanmaliki ya biyo ta, ya tsaya bayan zana.

"Yaya, sannu da haƙuri. Allah ya jiƙan maigida. Sunana Jannat, ofishin lauyan mai sayen gona ne ya aiko ni daga Kankia."

"Amin. Ai da Yaya Ɗanmaliki za ki yi magana, ga shi nan."

Jannat ta tsuguna, ta rage murya tana danne dariya. "Mun yi. Ya sa yatsansa, na'ura ta ce ba ke ba ce. Ya kira matarsa ta sa, ta ce ita ma ba ke ba ce. Yatsan da kika ajiye ranar da kika yi katin ɗan ƙasa take nema."

Hawwa'u ta dubi hannunta. Ta ma manta da wannan rana, da layin da ta bi goye da autarta.

"Amma kafin komai sai na tambaye ki," in ji Jannat. "Kin yarda ki sa hannu ta wannan na'ura maimakon takarda? Ba dole. In takarda kika fi so, zan bar ta a gidan nan, in dawo in karɓa."

"Ce mata takarda," in ji Ɗanmaliki daga bayan zana. "Mu da takarda muka saba. Wannan abin hwa, in ya ɗauki yatsanki, har akuyarki sai ya saida."

Hawwa'u ta kalli na'urar. Ta sha jin haka a bakin rijiya, kuma ita ma tana tsoron abin da ba ta iya karantawa. Amma takarda ta san ta. Takarda a zaure take kwana, ba ta tambayar yatsan wa aka manna mata. Ta dubi yarinyar.

"In na ce na'ura, wa zai dangwala?"

"Ke kaɗai. Sai na karanta miki tukuna, tana ɗaukar muryata da taki. Akwai wurin dannawa kore na yarda, akwai ja na ƙi."

"Ashe har da na ƙi?"

"Har da shi, Yaya."

"To, na'ura."

* * *

Jannat ta karanta da Hausa, a hankali: gonar gyaɗa ta gabas da rafi, mallakar Hawwa'u, za ta bar hannunta har abada. Hawwa'u ta saurara har ƙarshe. Tun rasuwar Haladu, yau ne aka fara kiran gonar da sunanta.

Ta ɗora babban yatsa a kan gilashin. Shiru. Ta sake ɗorawa. Shiru. Ɓarar gyaɗa ta kankare mata fata, duk ta bushe ta tsattsage.

"Kun gani ko?" Ɗanmaliki ya leƙo. "Mai yatsan ma na'urar ta ƙi ta. Kawo takarda, ɗiyata, kada ki ɓata mana rana."

"Baba, ka ɗan yi haƙuri." Jannat ta zaro man shafawa daga jaka, ƙamshinsa ya cika wurin. Hawwa'u ta janye hannu da sauri.

"Ina takaba, ba na taɓa mai ƙamshi."

Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta ɗiga man gyaɗa a yatsan, ta murza, ta goge da gefen zani. Ta dawo ta ɗora. Na'urar ta yi ƙara siririya, hotonta ya bayyana, ita ce, da ɗankwalin da Haladu ya sayo mata a kasuwar Kusada.

"Wanne ne na ƙin?"

Jannat ta nuna. Hawwa'u ta danna jan, ta bar yatsanta a kai har sai da yarinyar ta ce ya isa.

"Ni za ki kunyata gaban baƙi, Hawwa'u?"

"Yaya, ban kunyata ka ba. Tambayata aka yi, na amsa."

Ta ji takunsa yana komawa zaure. Ta kama hannun Jannat da nata biyu. "Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifanki da rai da mutuwa." Ta ɗebo gyaɗa ta cika mata leda. Jannat ta ce aikinta kawai ta yi. Hawwa'u ta ƙara mata wani tafi.

* * *

Da la'asar Ma'u maƙwabciyarta ta shigo da fartanya a kafaɗa. Ita bara ta yi tata takabar, a kan takarda aka sayar da tata gonar, yanzu a cikinta take ƙwadagon sharar gona. Ta zauna, ta kama yatsan Hawwa'u ta juya shi, tana dubawa kamar wani sabon abu. Sannan ta dubi nata, ta jawo ƙwaryar gyaɗar ta soma taya ta ɓara.

Na'ura ba ta da tausayi, ba kuma don Hawwa'u aka ƙera ta ba. Ta dai ƙi karɓar yatsan wani, abin da mu masu ido da karatu muka kasa. A unguwarku yau akwai mai takaba, akwai kuma takardar da ke jiran tawada a zaure. Tashi ka shiga, ko ka tura ƙanwarka, a karanta mata da harshenta, a tambaye ta, kuma kada ka bar wurin sai ka ji amsarta daga bakinta.