Ɗan Kunnen Inna

Doha kaf ta tafi kallon ƙwallo, aka bar Zaituna tana gadin gwala-gwalan da ko ɓarawo ba zai waiwaya ba, don na takarda ne. Tsofaffin zane-zanen maƙeran Faransa ne aka baje a ɗakin nuni saboda baƙin Kofin Duniya. Kowane ɗan kunne an zana shi daidai girmansa a takarda mai ruwan toka, da ɗigon fari inda haske ke sauka. Masu zanen sun daɗe da kwanta dama, amma ko yau maƙeri zai duba ya ƙera.

Wannan ne ya tsaya mata a rai. Mahaifiyarta, Inna, ta rasu a Zariya lokacin korona, jirage a tsaye, Zaituna ta sha kukanta ita kaɗai a ɗakin haya a unguwar Bin Omran ta Doha. Kafin a buɗe hanya an raba gado, an narkar da ɗan kunnen da Inna ba ta taɓa cirewa ba. Hoto kuwa, Inna ba ta yarda a ɗauke ta. Kullum kamannin ɗan kunnen ƙara dishewa suke yi a idonta, abin yana cin ranta ƙwarai.

Malam Ɗalhatu, Bakanon da ke ƙira a kasuwar zinariya, ya riga ya sallame ta: "Ƙanwata, ba a ƙira da kwatancen baki. Kawo abin da ido zai gani."

To, mai nema yana tare da samu. Ta sayo takarda mai ruwan toka da fenti, ta duƙufa kwaikwayon Faransawa. Zanen farko ya fito kamar ƙosan da ya ƙone. Ta yaga, ta sake, ta kuma yagawa, har gasar ta zo ƙarshe. Ranar Juma'a da la'asar ta kai wa Malam Ɗalhatu zanen.

Ya gyara tabarau, ya jinjina kai.

"Hannunki ya faɗa. Ga maɗauri, ga tabon gyara, har inda wayar ta lanƙwashe. Amma ai wannan bayan ɗan kunne ne. Ina gabansa?"

Zaituna ta leƙa takardar. Ta lalubi gaban a zuciyarta, babu. A bayan Inna aka goya ta. Da ta girma, ita ke yi mata kitso, kullum ta baya. Ga ta 'yar fari: Inna ba ta kiran sunanta, ita ma kunya ba ta taɓa barinta ta tsayar da ido a fuskar Inna ba. Hawaye suka cika mata ido.

"Kada ki damu," in ji shi a hankali. "Sai in sa masa fure irin na yayi, shi ke nan, khalas. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani, Malam. Ƙera shi yadda na zana."

"To gaban fa?"

"Juya shi. Bayan ya kalli mutane. Abin da na gani shi za su gani."

Malam Ɗalhatu ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce bismillah, ya kunna wuta.