Bugun da Lonnie Prewitt Ya Ɓarar

Sau shida ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Tallow Creek tana samun gayyatar wasan Bowl na bayan kaka, sau shida tana dawowa gida kai a sunkuye. Amma kaye ɗaya kawai mutanen garin suka riƙe, na 1987, ranar da Lonnie Prewitt ya zo bugun ƙarshe mai maki uku, ana gaba da su da maki biyu, ƙwallo ta daki ƙarfen gola ta dawo.

Yanzu Lonnie ya kusa sittin, gyaran firji yake yi. Har yau idan ya shiga gida aiki sai an ce, "Kai ne na ƙarfen nan?"

Da gayyata ta bakwai ta zo, matarsa Verna ta ce ya kalla a gida. Ya ƙi. Ya tafi gidan abincin Odell, abokinsa tun firamare, inda rabin gari ya taru da rana tsaka. Fatansa a yi nasara, a manta da shi. Can ƙasan ransa kuma, ko wani ne ya ɓarar da bugu ba zai yi kuka ba.

Ko ɗaya bai samu ba. Maki arba'in da biyar aka lallasa su, su kuwa uku kacal. Babu wanda za a nuna wa yatsa, kowa ya yi laifi.

Odell ya kashe talabijin, ya ja tsaki. "Kai, gara ma ta 87. Muna ji muna gani, har mun miƙe tsaye. Da Lonnie ya..."

Lonnie ya daki tebur, kofi ya fantsama.

"Odell, maki nawa muka ci ran nan?"

"Sha biyu."

"Wa ya ci su? Ni! Bugu huɗu, duk a ciki! Waɗanda aka yi wa wankin babban bargo a 74, ko sunan ɗaya ka riƙe?"

Wata tsohuwa ta ɗago daga farantinta. "Yi haƙuri, ɗan nan. Mu dai na biyar ɗin ne ya tsaya mana a rai."

Ya figi hularsa ya fice, ya buga ƙofa. A waje ya tarar wata shuɗiyar akori-kura ta tare wa motarsa hanya. Ya danna oda har ya gaji. Dole ya koma ciki, idanu duk a kansa.

"Motar wa ce shuɗiya?"

"Tawa ce," in ji Odell. "Zauna, bari in gama da kwanukan nan."